Modem ɗin Kawu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, da fatan aikin asibiti da sauƙi. Mama lafiyarta lau, sai ƙafar nan da ke damunta in ta daɗe a tsaye. Ta ce in gaishe ki.

Kin ce in daina kiranki kina kan aiki, wai in na fara magana a waya sai na zagaye gari kafin in iso bakin zance. To ga shi na rubuto, kuma zan yi ƙoƙari in tafi kai tsaye.

Kin san cibiyar jarrabawar Kawu, inda ya ba ni aikin kula da kwamfutoci tun da na gama makaranta. Ɗalibai suna zama a babban ɗaki su amsa tambayoyi a kwamfuta, amsoshin su taru a babbar kwamfuta guda ɗaya, ita kuma ta tura wa hukumar jarrabawa ta intanet. Akwai wa'adi. In an tashi daga zama, dole a tura kafin hukumar ta rufe ƙofarta. Abin da bai shiga ba ya tashi a banza, mai shi sai baɗi. Shi ya sa bana hukumar ta ce duk cibiyar da ke son lasisi sai ta nuna tana da hanyar intanet ta biyu, wadda za a koma kanta idan babban layi ya ɗauke. Namu kuwa yana ɗaukewa. Ba kullum ba, amma yana yi, kuma ba ya sallama kafin ya tafi.

Kawu ya sayo modem, irin ƙaramin nan mai kama da filash, wanda ake sa wa sim a cusa a jikin kwamfuta. Ba na raina shi. Abu ne mai kyau, zai iya ɗaukar aikin. Matsalar inda aka sa shi ce. Babbar kwamfutar tana wani ɗaki a ƙarƙashin matakalar bene, da can ma'ajiyar tsintsiya da bokiti ne. Ba taga, bangon kankare, ƙofar ƙarfe. Ko wayata in na shiga da ita sabis ɗinta mutuwa yake yi. Modem kuwa da sabis ɗin waya yake aiki, abin da wayata ba ta samu ba shi ma ba zai samu ba.

Yana da 'yar fitila shuɗiya. Takardar da ke cikin kwalinsa ta faɗa ƙarara: in fitilar tana ƙiftawa, nema yake yi bai samu ba, in ta tsaya cak, ya haɗu. Tun ranar da aka cusa shi take ƙiftawa.

Yaya, duk ofishin nan sun ƙaunaci ƙiftawar nan. Manaja, ƙanin matar Kawu, wanda iliminsa na kwamfuta ya tsaya a kan kunnawa da kashewa, yakan buɗe ƙofar ƙarfen ya leƙa ya ce, "Kai, abin nan ba ya hutawa, ku zo ku ga aiki!" Na ce masa, "Manaja, ai ƙiftawar tana nufin bai samu sabis ba." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malama mai digiri, ke in zuciyarki tana bugawa mutuwa kika yi? Abin da ya tsaya cak ai shi ne ya mutu." Sakatariya ta yi dariya har da riƙe ciki. Na miƙa masa takardar, ya ce shi ba ya karanta rubutu ƙanana kamar tururuwa.

Na zare modem ɗin na sa a laftof ɗina, na bi ginin lungu-lungu. A ɗakin jarrabawa yana kamawa yana saki. A ofishin Kawu a sama ba laifi. Inda ya fi ƙarfi shi ne tagar da ke kwanar matakala, tsakanin ƙasa da bene. Can fitilar ta tsaya, na tura fayil mai girman na jarrabawa, ya tafi har ƙarshe. Na maimaita da safe, na maimaita da rana, duka ya tafi.

Gyaran ba wuya. Wayar USB in ta wuce kamar mita biyar sai ta fara yar da saƙo a hanya, don haka ba za ta kai ba. Amma in aka ajiye tsohuwar kwamfuta a tagar, modem a jikinta, sai a jawo wayar netwok, wadda ita tana jure nisa, ta bi bango ta shiga ɗakin ta ƙaramin huji. Shi ke nan. Sai dai an yi sabon fenti saboda zuwan sufeton hukumar, kuma Kawu yana kallon bangon nan kamar shi ya haife shi.

Ki ba ni shawara. Kuma don Allah kada Mama ta ji. Kin san a sashen gidansa muke zaune tun rasuwar Baba, ba na son abin da zai sa ta sunkuyar da kai a gaban ƙaninta.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

* * *

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Yaran suna gaishe ki, ƙaramin ya ce har yau bai ga wasan da kika ce za ki sa masa a waya ba.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune, ina neman inda tambayar take. Kin gano ciwo, kin gano magani, kin auna da safe kin auna da rana, sannan kina neman shawarata? Ni da ko firinta ce ta cije takarda sai na kira masinja? Shekarun nan da kika yi a jami'a, don ki fito ki tsaya Manaja yana koya miki bugun zuciya kika yi su? Mutumin da na gani da idona yana hura wa rimot iska don ya canja tasha.

Bugun zuciya kuwa aikina ne, ki gaya masa. Akwai injin da muke jona wa marar lafiya, in wayarsa ta zame daga jiki shi ma ƙiftawa yake yi. Da Manaja ne nas a ɗakinmu, da ya tsaya yana yaba wa inji ƙwazo har a zo ɗaukar gawa.

Kawu kuma na san shi kafin ki san shi. Shi ne ya rataya labule mai tsada a bangon falonsa inda babu taga, don baƙo ya zaci taga biyu ce. Bai sayi modem don intanet ba, ya saya ne don sufeto. Da hukumar ta ce a kawo hoton modem, da hoton zai manna a bango ya huta.

Amma ke ma kina ba ni haushi. Na san ki. Yanzu haka kin shirya abin da za ki faɗa masa a ranki, kin gyara, kin sake gyarawa, in kuka haɗu a matakala sai ki ce "Ina kwana, Kawu" ki raɓe ki wuce. Tunda dokarsa ce duk mai koke ya rubuto ya ba sakatariya, kamar wani minista, to ki rubuta masa. Ki taƙaita. Kada ki sa masa mita biyar ɗin nan, ba zai gane ba, kuma zai ɗauka zagi ne.

Zancen Mama na ji, ba za ta ji a bakina ba. Amma ki daina ɓuya a bayanta.

Ki gaishe ta, ki ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan filo.

Yayarki

* * *

Zuwa ga Shugaban Cibiya,

Kawu, ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata Kawu yana cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara girma.

Na rubuto ne game da modem ɗin da Kawu ya sayo. Zaɓin ya yi kyau. Na gwada shi, yana da ƙarfin da zai tura amsoshin zama guda. Sai dai a ɗakin da yake yanzu ba ya samun sabis ko kaɗan. Ƙiftawar fitilarsa alamar nema ce, ba alamar aiki ba. Na haɗo takardar kamfanin da wannan wasiƙa, na ja layi a ƙarƙashin wurin. Idan babban layi ya ɗauke ranar jarrabawa, a yadda muke yau, babu amsar ɗalibi ko ɗaya da za ta fita daga ginin nan.

Ina neman izinin abu biyu. Na farko, in ajiye ɗaya daga tsofaffin kwamfutocin da ke sito a tagar kwanar matakala, in sa mata modem ɗin. Na biyu, a huda bangon ɗakin huji ɗaya da bai wuce faɗin yatsa ba, don wayar netwok ta shiga. Wayar USB ba za ta yi ba, domin ba ta wuce mita biyar. Wayar netwok ɗin muna da ita a sito. Zan bi da ita ta gefen matakala, in rufe ta da bututun roba mai launin fentin, ba za ta yi muni ba.

Idan Kawu ya samu sarari, zan iya nuna masa ya gani da idonsa: mu cire babban layi na ɗan lokaci, mu ga abin da zai faru.

Ina neman afuwa idan akwai kuskure a lafazina. Na gode.

'Yarka mai biyayya,
Mai kula da kwamfutoci

* * *

Zuwa ga Mai Kula da Kwamfutoci,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, alhamdu lillahi.

Takardarki ta iso teburina, da layin da kika ja da jan biro, kamar ni ne ɗalibin ke ce mai gyaran jarrabawa. Na gode da darasi. Mita biyar ɗin ma na gani, na ƙaru sosai.

Ki saurara, 'yar nan. Na buɗe makarantar koyon buga tafireta a ginin nan tun mahaifiyarki na goye da yayarki. Sufetoci nawa suka shigo suka fita? Na san abin da suke dubawa. Suna duba tsabta, suna duba tsari, suna duba ko mai wurin mutum ne mai kamala. Ba wanda zai ba da lasisi ga wurin da waya ke rarrafe a matakala kamar igiyar shanya, ga tsohuwar kwamfuta a taga kamar kayan gwanjo. Hukuma ta ce a samar wa babbar kwamfuta hanya ta biyu. Ga ta nan a jikinta. Na sauka da ƙafata na duba, na ga wuta tana motsi. Abin da ke da wuta a jiki ba a cewa ba ya aiki. Wanda ya sayar mini ma ya gwada shi a shagonsa a gabana, kuma mutum ne da na sani tun kafin a san da zamanki a duniya.

Batun cire babban layi don gwaji, ban yarda ba. Layi yana zaune lafiya, me na tsokanarsa? Ku yaran yanzu in ba ku kwance abu ba hankalinku ba ya kwanciya.

Bango ba za a huda ba. Ranar da sufeto zai zo, Manaja ne zai zagaya da shi. Ke ki sa kaya masu kyau, ki tsaya kusa, in an tambaye ki ki ce komai daidai. Mutane da yawa sun kawo mini takardunsu suna neman kujerar da kike kai, wasu da digiri biyu. Na ajiye su gefe saboda mahaifiyarki, wadda nake so ta ci gaba da zama cikin kwanciyar hankali. Ina fata kin fahimta, tunda fahimta aka tura ki koyo.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Shugaban Cibiya

* * *

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na haɗo miki hoton amsar Kawu ki karanta da kanki. Eh, na sa mita biyar ɗin. Gaskiya ce, ban ga yadda zan cire ta ba. Ki lura da inda ya ambaci Mama.

Sufeto ya zo jiya. Tun da aka sa ranar nake shirya amsata. Na yanke cewa ba zan kai ƙara ba, amma ba zan yi ƙarya ba. In ya tambaye ni ko modem yana aiki, zan ce, "Yana aiki, ranka ya daɗe, amma ba a ɗakin nan ba." Na yi ta maimaita jimlar har ta zauna a bakina.

Ya zo da kwat da ƙatuwar jaka. Ya shafa bango ya ce fentin ya yi kyau. Ya ƙirga kujeru, ya ƙirga fankoki, ya shiga banɗaki ya murɗa famfo. Ya tsaya gaban tukunyar kashe gobara ya karanta kwanan watan da ke jikinta, wannan kam na yaba masa. Sannan Manaja ya buɗe ƙofar ƙarfe da wata irin yanga, kamar zai nuna masa jariri, ya ce, "Ga hanya ta biyu, ranka ya daɗe. Haka yake kullum, ba ya gajiya." Sufeton ko shiga bai yi ba. Ya leƙa daga bakin ƙofa, ya ga shuɗin haske yana ƙiftawa, ya ce, "Madalla," ya yi alama a takardarsa. Mutumin da aka turo takanas don wannan! Wayar babban layi kawai zai cire, ya jira ya ga ko shafi zai buɗe. Ko wannan ya yi masa nauyi, wayarsa tana hannunsa, da ya yi taku ɗaya cikin ɗakin da ya ga sandunan sabis ɗinta sun zube.

Ya juyo ya gan ni. Jimlar tana kan harshena. Ya ce, "Ke ce injiniyar?" Na ce eh. Ya ce, "Yawwa. Taimaka ki duba min wayar nan, hotuna sun cika ta, ta ƙi ɗaukar sabo." Na share masa waɗanda ya nuna, yawanci na abinci ne da na wata mota da yake sha'awa. Ya yi godiya, ya hau bene shan lemo.

Bai tambaye ni ba, Yaya. Ban yi ƙarya ba.

An ba mu lasisi, Kawu ya sa an yi masa firam. Jarrabawa mako mai zuwa ce, zama biyu kowace rana. Ɗalibai sun fara zuwa duba lambar kujerarsu. Akwai wata mata, ta girme ki, mai ɗinki ce, ta ce bana ita da 'yarta za su zauna tare, kuma ta rantse ba za ta bari yarinya ta wuce ta ba. Ta ce min, "'Yata, in na danna kuskure zan iya gogewa?" Na ce eh. Ta ce, "To in na gama, tabbas zai je inda ake so?" Na ce in Allah ya yarda.

Na ɗauko wayar netwok daga sito na naɗe ta a jakata. Na saita laftof ɗina yadda zai raba intanet ɗin modem ta wayar. Ban huda komai ba, ban saɓa umarni ba. Jaka ce kawai ta ƙara nauyi.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

* * *

Auta,

Lafiya lau muke, da fatan ku ma haka. Na ga wasiƙar Kawu, na yi dariya har wata marar lafiya ta tambaye ni ko albishir aka yi min. Tafireta!

Amma ke. "Bai tambaye ni ba." Sannu, lauya. Mai ɗinkin fa? Ita ta tambaye ki. Kika ba ta "in Allah ya yarda" kamar ba ki san abin da ke ƙarƙashin matakala ba. Kin raina Manaja, kin raina sufeto, kuma sun cancanta. Sai dai su ba su sani ba. A ginin nan kaf mutum ɗaya ce ta sani, kuma ta tsaya tana share hotunan abinci.

Waya a jaka ta fi babu, wannan na yarda. Amma ki sani, ranar da kika fito da ita kowa zai gani. Ba a shimfiɗa waya a matakala a ɓoye. Ki shirya bakinki, ba jakarki kaɗai ba.

A gaida Mama.

Yayarki

* * *

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya faru. 

Jiya, ranar farko, an tashi lafiya. Yau a zaman safe, ɗalibai suna gab da gamawa, babban layi ya ɗauke. Na kira kamfanin, suka ce matsalar daga wajensu ce, ta shafi unguwar gaba ɗaya, ba su san yaushe za ta gyaru ba. A ɗakin jarrabawa ba wanda ya lura, don tambayoyin sun riga sun sauka. Suna ta dannawa abinsu. Aka tashi, amsoshi suka taru a babbar kwamfuta, suka tsaya.

Hukumar tana turo mai sa ido lokacin jarrabawa, ba sufeton nan ba. Wata mata ce siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ce, "Ku koma hanya ta biyu." Manaja ya ce, "Ai tuni, ranki ya daɗe, da kansa yake karɓar aiki." Ya buɗe ƙofar ya nuna mata. Ta dubi allo ta ce, "To me ya sa ba ya tafiya?" Ya ce, "Ɗumi yake yi." Ya durƙusa ya zare modem ɗin, ya goga shi a rigarsa, ya mayar. Kawu ya sauko ya tsaya a kansa yana cewa a ba shi lokaci, sabon abu ne, bai saba ba. Manya biyu a ma'ajiyar tsintsiya suna lallashin fitila. Agogon wa'adi kuwa yana ci a kusurwar allo.

Ban nemi izini ba. Ba jarumta ba ce. Lissafi na yi, na ga in na ƙara jira, ko na haɗa lokacin ba zai isa a tura duka ba. Na ce, "Manaja, gafara," na zare modem ɗin, na cusa wayar netwok ɗin da ke jakata a babbar kwamfuta, na jawo ta ta bakin ƙofa, ta ratsa tayil, ta hau matakala. Ɗalibai suna fitowa suna tsallake ta. Na zauna a kwanar matakala da laftof a cinya, na haɗa masa wayar da modem ɗin, na juya shi saitin taga. Fitilar ta ƙifta, ta ƙifta, ta tsaya.

Fayil ɗin amsoshin ya tafi a hankali, kamar ana ɗura ruwa a kwalba da cokali. Ya tsinke sau ɗaya da wani ya yi tuntuɓe da wayar, na roƙi mai gadi ya tsaya yana cewa a ɗaga ƙafa. Kawu yana ƙasa yana kallon baƙin layin da wayar ta goga a sabon fentinsa. Manaja kuwa ya hauro ya leƙa ya samu abin faɗa: "Kun gani ko? Ta kashe shi, fitilar ta daina motsi!" Yana faɗa amsoshi suna wucewa a kan allo a gaban hancinsa.

Duka sun shiga kafin a rufe. Na bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, na mai ɗinkin da na 'yarta suna ciki. Ita ba ta ma san an yi wani abu ba. Ta wuce ni a matakala ta ce, "Sannu 'yata, ba a ba ki kujera ba ne?"

Zaman rana ma a matakala na tura shi. Layin bai dawo ba sai da yamma.

Da mai sa idon za ta tafi, sai ta kira ni. Ta ce, "Gobe da safe ina son magana da ke, ke kaɗai. Rahoton sufeto ya ce hanya ta biyu tana ɗakin can kuma tana aiki. Ina so in ji yadda aka yi ta koma matakala." Kawu yana tsaye, ya ji.

Na kasa cin abinci. Na ce wa Mama kaina ke ciwo.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

* * *

'Yar nan,

Salam. Ba ta hannun sakatariya na aiko wannan ba. Ki karanta ki yaga.

Kin ga dai modem ɗin da kika yi ta kushewa shi ya fitar da mu kunya. Ban ga dalilin shimfiɗa waya a gaban baƙuwa ba, da kin ƙara haƙuri kaɗan da ya kama a inda yake. Amma na yafe, ƙuruciya ce.

Gobe matar nan za ta tambaye ki. Amsar mai sauƙi ce: ranar da sufeto ya zo yana aiki a ɗakin, yau ne sabis ya yi rauni saboda yanayi. Wa zai ce ba haka ba? Sabis yau akwai gobe babu, kowa ya sani. In kika faɗi wani abu daban za su dakatar da lasisi, kuma ba ni kaɗai ke ci daga ginin nan ba. Ki tuna inda kike kwana, da wadda kuke kwana tare.

Da ta gama da ke, modem ya koma mazauninsa, wayar ta koma sito, a kira mai fenti.

Allah ya shirye ki.

Kawunki

* * *

Yaya,

Ina gaisuwa. Yau a taƙaice.

Na faɗa wa mai sa idon gaskiya. Ta shiga ɗakin babbar kwamfutar da wayarta a hannu, ta fito, ta rubuta. Za a ƙarasa jarrabawar bana da waya a matakala, hukumar ta turo ma'aikacinta ya zauna a wurin. Bayan nan lasisi ya tsaya sai an sake dubawa. Manaja ya karɓi makullaina a bakin get. Ya ce in bar laftof, na ce nawa ne.

Na dawo gida na gaya wa Mama komai daga farko, kafin ta ji a bakin wani. Na ce ta yafe min, na yi iya ƙoƙarina in yi shiru saboda ita, kuma wataƙila sai mun nemi wani wurin zama. Tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Saboda ni? Wa ya aike ki? Yaron da na yi wa wanka har ya shiga aji uku, shi zai tashe ni? Ya zo ya faɗa min da bakinsa." Sannan ta ce in miƙo mata takalminta, za ta shiga ta duba lafiyarsa, tunda rubutu ya yi masa yawa kwanan nan.

Ta shiga tun ɗazu. Daga nan ba na jin muryar kowa sai tata.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta